Kayan Aro Ba Ya Rufe Katara: Magana a Kan "Taimakon" da Ake Sayar wa 'Ya'yanmu

Kalmar "taimako" tana cikin kalmomin da aka fi zalunta a ƙasar nan. Da zarar jarrabawa ta ƙarato, ko ta kammala sakandare ce ko ta ƙarshen zangon karatu a manyan makarantu, sai a ji ta a bakin kowa. Ɗalibi yana neman wanda zai taimake shi. Uwa ta kai akuyarta kasuwar Lahadi domin a taimaki ɗanta. Wani kuma yana yawo da lambar asusun banki a waya, yana cewa shi ne mai taimakon. Abin da ake nufi kowa ya sani, ko da kunya ta hana a furta: a kawo amsa tun kafin a raba takarda, ko a jefo ta ta taga, ko a sayi idon mai tsaron jarrabawa ya ƙura wa rufin ɗaki har awa biyu. Mu malaman wannan reshe na Jibiya mun ƙi yarda a ci gaba da kiran wannan abu taimako. Ciniki ne, hajar da ake sayarwa a cikinsa kuwa ita ce makomar yaron da aka ce ana taimaka wa.

Domin kada maganar ta tsaya ga wa'azi, za mu ɗauki fanni guda mu auna ta da shi, wato fannin da ɗalibanmu na manyan makarantu ke kira "diskirit", mu kuma za mu kira shi lissafin ɗaiɗaiku. Mun zaɓe shi ne saboda a nan asirin sakamakon saye ya fi saurin tonuwa. Yaro zai fita daga sakandare da kiredit a lissafi, ya sami gurbin karatun kwamfuta a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina ko Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, gida ya cika da murna. Galibi a shekara ta biyu zai ci karo da wannan kwas. Daga nan sai wayar tsofaffin malamansa ta fara ƙara ana saura kwana uku a shiga jarrabawa: "Malam, don Allah a taimaka mini, ban gane komai ba." Da yawa daga cikinmu sun san wannan kira. Amsar gaskiya, wadda tausayi kan hana a faɗa, ita ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga iyayen da ba su taɓa jin sunan fannin ba, bayaninsa ba wuya. Abubuwan duniya iri biyu ne. Akwai waɗanda ake aunawa, kamar ruwan madatsar Jibiya ko tsawon hanyar da ta tashi daga nan zuwa Katsina, waɗanda kowane ɗan guntunsu yana iya rabuwa biyu. Akwai kuma waɗanda ake ƙirgawa ɗai-ɗai, kamar mutane da buhuna da kwanaki da kujerun aji, inda ba a samun rabin mutum. Lissafin ɗaiɗaiku shi ne ilimin wannan kashi na biyu. Da yake kwamfuta ba ta san komai ba sai sifili da ɗaya, wannan fanni shi ne harshenta na asali, shi ya sa ba a ba mutum digiri a kanta sai ya bi ta cikinsa. A ciki ake koyon rukunai da yadda suke haɗuwa, da manɗiƙi, da hanyoyin jerantawa da zaɓe, da lissafin zagaye, da zanen ɗigo da layi, da kuma yadda ake kafa hujja.

Kada sunayen su tsorata kowa, domin duk abubuwan gida ne. Ƙaramar hukumarmu tana da mazaɓu 11. Idan aka shirya gasar ƙwallo, aka ce kowace mazaɓa ta kara da kowace sau ɗaya, Riko da Faru, Bugaje da Gangara, har su ƙare, wasa nawa za a buga? Kowace daga cikin 11 tana da abokan karawa 10, ya zama 110, amma an ƙirga kowane wasa sau biyu, saboda haka 55 ne. Idan yau Lahadi ce, ranar kasuwa, wace rana ce bayan kwana 100? A raba 100 gida bakwai, saura biyu, wato Talata. Wannan shi ne lissafin zagaye, kuma kowace uwa da ta san cewa ranar suna takan faɗo a kan ranar da aka yi haihuwa tana aiki da shi. A ajin da aka cusa yara 100, kamar yadda wasunmu suka saba gani, tilas a sami aƙalla tara da aka haifa a wata ɗaya, domin watanni 12 ne kacal, in kowane wata ya ɗauki takwas sun zama 96, saura huɗu dole su shiga inda wasu suke. Lambar sirri ta katin cirar kuɗi mai alƙaluma huɗu tana da fuskoki 10,000. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar ɗakin gwaji ko wutar lantarki. Allo da alli da hankali sun wadatar.

Abin da ya kamata ya dame mu shi ne, saiwar wannan fanni a azuzuwanmu take. Manhajar lissafin gama-gari ta hukumomin WAEC da NECO tana ɗauke da rukunai, da ƙidayar tushe biyu, da lissafin zagaye, da farkon manɗiƙi. Jerantawa da zaɓe kuma suna cikin takardar ƙarin lissafi, wadda yara ke kira "foda mas". Ɗalibin da ya riƙe waɗannan da kyau a sakandare zai tarar da kwas ɗin jami'a kamar ci gaban hirar da aka soma jiya. Wanda aka saya wa amsa kuwa zai tarar da shi kamar yaren da bai taɓa ji ba, alhali takardarsa tana shaida cewa ya iya.

Dalilin da ya sa saye da hadda ba sa aiki a nan shi ne, kalma guda tana juya amsa. A ce malamai goma ne, za a zaɓi uku su je taro, hanyoyin zaɓen 120 ne. A ce kuma ukun nan za su zama shugaba da sakatare da ma'aji, hanyoyin sun koma 720, domin yanzu wanda ya hau wace kujera yana da muhimmanci. Alƙaluman ba su sake ba, goma da uku ne dai. Yaron da ya haddace amsar bara zai rubuta 120 da gaba gaɗi a inda ake neman 720, kuma ba zai san abin da ya kayar da shi ba. Mai sayar da amsa zai iya ba shi lamba, amma ba shi da ikon ba shi idon da zai gane bambancin tambayoyin biyu. Wannan ido ba ya samuwa sai da makonni na gwaji da kuskure da gyara.

Akwai darasi guda a manɗiƙi da muke so kowane uba ya riƙe. Idan aka ce, "In an yi ruwan sama, ƙasa za ta jiƙe," ba a ce duk inda aka ga ƙasa a jiƙe an yi ruwan sama ba, wataƙila manomin rani ne ya saki ruwan madatsa. Juya magana irin wannan kuskure ne da ake koya wa ɗalibi gujewa tun makon farko. To, mu dubi kanmu. Gaskiya ne cewa in yaro ya iya lissafi zai sami kiredit. Amma al'umma ta juya zancen, ta ce tun da ya sami kiredit to ya iya. A kan wannan kuskure guda aka gina kasuwar amsa gaba ɗayanta. Uba ya sayi jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya koma gida yana jiran tsiro.

Kuma kada wani ya gaya wa 'ya'yanmu cewa wannan ilimi baƙo ne da kan ɗan ƙauye ba zai ɗauka ba. A ƙarni na 18, wani malami daga ƙasar Katsina, Muhammadu bn Muhammad Alfulani Alkatsinawi, ya tafi aikin hajji ya zauna a ƙasashen gabas, kuma a shekarar 1732 ya rubuta littafi da Larabci a kan hanyoyin gina hatimi mai gidaje mara, irin wanda in an tara alƙalumansa a tsaye ko a kwance ko a karkace jimla ɗaya ake samu: 15 a mai gida uku-uku, 65 a mai gida biyar-biyar. Ya rasu a Alƙahira a 1741, kuma har yau masana tarihin lissafi suna ambaton sunansa. A daidai waɗannan shekaru ne, wajen 1736, Leonhard Euler ya warware matsalar gadoji bakwai na birnin Königsberg, wadda daga gare ta ilimin zanen ɗigo da layi ya samo asali. Tun kafin su duka biyu, a ƙarni na 8, Khalilu bn Ahmad na Basra ya ƙirga yadda haruffan Larabci za su iya jeruwa su ba da saiwoyin kalmomi lokacin da yake tsara ƙamusunsa. Dattawan da ke zaune a inuwa suna buga dara, gurbi 30 da 'ya'ya goma sha biyu-biyu, suna hango wasa uku gaba, irin wannan tunani suke yi. Jikokin waɗannan mutane ne ake cewa ba za su ci jarrabawa ba sai an jefo musu takarda ta taga. Wannan cin mutunci ne, kuma abin takaici iyaye ke biyan kuɗinsa.

Mun san abin da za a ce mana, kuma ba za mu yi kamar ba mu ji ba. Za a ce yaran Jibiya ba su sami abin da yaran birni suka samu ba. Haka ne. An rufe iyakar nan a Agustan 2019, ba a buɗe ta ba sai Afrilun 2022. Aka sake rufe ta a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, har zuwa Maris na 2024. Gidajen da ke ci daga zirga-zirgar Magama da Ɗan Isa da Maraɗi sun ji a jikinsu, yara da dama sun bar aji sun shiga neman na abinci. Ta'addancin 'yan bindiga ya tashi ƙauyuka, ya watsa ɗalibai, ya sa malamai da yawa gudun a turo su nan. Bayan sace ɗaliban Ƙanƙara sama da 300 a Disambar 2020, makarantun jihar nan sun sha rufewa. Duk wannan gaskiya ne, mu ne kuma shaidunsa na farko. Sai dai abin da waɗannan masifu suka ƙwace wa yaro shi ne darussa. Maganin darasin da aka rasa shi ne a mayar da darasin. Wanda ya ba shi amsa a madadin haka ya ƙara masa asara a kan asara, ya kuma karɓi kuɗi a kai.

Za a ce kuma kowa yana yi, wanda bai yi ba shi zai faɗi. Mu tambayi mai wannan magana: ina ribar? Hukumomin jarrabawa suna riƙe sakamakon dubban ɗalibai a kowace shekara bisa zargin maguɗi, wasu a soke shi ɗungum, kuɗin rajista da na "taimako" duk su bi ruwa. Wanda ya tsallake wannan siradi zai gamu da jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 gaba ɗayanta a kan kwamfuta ake yi. Wanda ya tsallake wannan ma, kwas ɗin da muke magana a kai yana jiransa, inda zai yi ta kwasar faɗuwa shekara bayan shekara, uba yana biyan kuɗin makaranta da na haya, har wani lokaci a sallamo shi ya dawo gida babu digiri babu sana'a. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ga duk mai riƙe da alli kuma da ake yi wa tayin ya kau da kai, muna tunatar da shi cewa dokar hana maguɗin jarrabawa ta 1999 ta tanadi ɗauri ga malami ko mai tsaron jarrabawa da aka kama, ba tare da zaɓin biyan tara ba. Ƙungiyar da aka kafa tun 1931 domin kare mutuncin malami ba rumfa ba ce da mai sayar da wannan mutunci zai fake a ciki.

Sabon salon da ya shigo shi ne na waya. Ɗalibi ya ɗauki hoton tambaya, manhaja ta ba shi amsa cikin daƙiƙu, ko ya biya kuɗi a saka shi cikin zauren WhatsApp da ake alƙawarin za a turo tambayoyi da tsakar dare. Ba ma gaba da waya. Wanda ya fara gwadawa da kansa, sannan ya duba ya ga inda ya kauce, ya amfana. Amma wanda ya mayar da ita ƙwaƙwalwarsa ya tuna da Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Jibiya da wasu ƙananan hukumomin jihar nan na tsawon watanni saboda tsaro. A wancan lokacin, abin da ke cikin kan ɗalibi shi kaɗai ya rage masa. Ɗakin jarrabawa ma haka yake, kullum babu sabis a cikinsa.

To, mene ne taimako na gaskiya? Ga abin da shekarun aiki suka nuna wa masu koyar da lissafi a cikinmu. Na farko, shiri ya fara aƙalla wata biyu kafin jarrabawa, awa ɗaya kullum, domin wannan ya fi kwana uku babu barci. Na biyu, kada ɗalibi ya je wurin malami da farar takarda. Ya zo da abin da ya gwada, ko da duk kuskure ne, saboda a cikin kuskuren ne malami ke ganin inda cutar take. Na uku, duk tambayar da ta yi girma a ƙanƙanta ta: in an ce mutum 20, a fara da uku, a jera su da tsakuwa ko ƙwayar wake, a koma huɗu, har tsarin ya fito da kansa. Na huɗu, kowace ma'ana da ke cikin littafi ɗalibi ya faɗe ta da Hausa da bakinsa, ya kawo mata misali daga kasuwa ko gona, in ya kasa to bai gane ba tukuna. Na biyar, a zauna rukuni na mutum huɗu ko biyar, kowa ya ɗauki babi ya koyar da sauran, domin mai koyarwa ya fi mai sauraro riƙewa. Na shida, tambayoyin shekarun baya a amsa su da agogo a gaba, littafi a rufe, sannan a kai wa malami ya duba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya kai kuɗin akuya.

Saura kuma abin da ya rataya a wuyan manya. Ga hukuma, buƙatarmu a fili take: a turo ƙwararrun malaman lissafi Jibiya, a kuma ba su dalilin zama. A ranar malamai ta duniya, 5 ga Oktoban 2020, gwamnatin tarayya ta yi alƙawarin alawus na musamman ga malaman karkara da malaman kimiyya. Muna so mu gan shi a takardar albashi, kuma malamin da ke koyarwa a bakin iyaka cikin fargaba ya fi kowa cancantarsa. Muna neman a tabbatar ana koyar da ƙarin lissafi a manyan sakandarenmu, a daina barinsa a jadawali kawai. Muna neman a riƙa shirya wa malamai bita a lokacin hutu tare da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Katsina da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma aji marar malami shi ne tsagar da dillalin amsa ke bi.

Ga iyaye, roƙonmu guda ne. Kuɗin da za a kai wa dillali a sayi littafi da fitila mai aiki da hasken rana, a kuma bar yaro, musamman 'ya mace, ya sami awa guda da yamma babu talla babu aike. Ba sai uba ya iya lissafi ba kafin ya ce, "Zo ka bayyana mini abin da aka koya muku yau." Yaron da ya iya fahimtar da mahaifinsa ya shirya wa kowane mai jarrabawa.

Ga kanmu kuma, muna gabatar wa taron reshe mai zuwa shawara: a buɗe ajin lissafi na kyauta a lokacin dogon hutu, a ɗaya daga cikin makarantun cikin gari, kwana uku a mako, malamai suna karɓa-karɓa. 'Ya'yanmu da ke karatun kwamfuta da lissafi a Katsina da Dutsin-Ma, in sun dawo hutu, su zo su koya su kuma koyar da ƙannensu. Ƙungiyoyin iyaye da malamai su ɗauki nauyin alli da takarda da ruwan sha. Sharaɗin shiga ɗaya ne: kowa ya zo da abin da ya gwada. Mun san albashi bai wadata ba, kuma ba za mu daina neman haƙƙinmu ba, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma yaran nan namu ne kafin su zama na gwamnati.

A Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kimanin kilomita 284, wanda zai ratsa Daura da Katsina ya bi ta Jibiya. Jadawalin jirage, da tsarin siginar da ke hana su karo, da sayar da tikiti, da tantance kaya a bakin iyaka, duk aikin kwamfuta ne, kuma ƙarƙashinsu lissafin ɗaiɗaiku ne zalla. A ƙetaren iyaka, ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi suna fama da irin wannan lissafi da Faransanci. Ranar da jirgi zai tsaya a tasharmu, za a nemi waɗanda suka iya, kuma ba za a tambayi nawa aka sayi kiredit ɗinsu ba. Ko 'ya'yanmu su zauna a gaban na'ura, ko su tsaya a waje da baro suna jiran dako. Hukuncin wannan rana a ajin yau ake yanke shi.

Allah ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani, ya dawo mana da zaman lafiya, ya kuma ba mu ƙarfin cewa a'a ranar da aka zo da tayi.